Kiran Sallar da Malam Ke Kullewa

Ni dai tun asali ban ƙaunaci kwamfuta ba, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Da kaset na koyi aikin rediyo. Kaset in ya yi maka gardama sai ka zare shi, ka sa biro ka juya, ka hura masa iska, ya dawo hayyacinsa. Amma wannan akwati da aka girke mana a sitidiyo, in ya ƙi, sai dai ka zuba masa ido shi ma ya zuba maka.

Bayan soja sun koma bariki ne abin ya zo mana. Farar hula sun dawo, kowane ɗan takara yana so gari ya ji waƙarsa, talla ta yi yawa har kaset ya gaza. Sai Manajan gidan rediyonmu ya sayo kwamfutoci, aka kwashe na'urorin kaset aka kai sito, ya kuma ɗauko wata matashiya 'yar Ƙofar Guga da ta karanto ilmin kwamfuta. Injiniya muke ce mata. Da farko tsokana ce, daga baya sunan ya zauna mata daram. 'Yar siririya ce, ba ta da yawan magana, kullum akwai tabon biro a gefen hijabinta da aya a aljihun jakarta. In ka kawo mata ƙorafi ba ta katse ka, sai ka gama zazzaga tas, sannan ta ce, "To, mu je in gani."

Ita ta rubuta manhajar da muke sakin shirye-shirye da ita. Duk wani sauti na gidan, waƙa ce, talla ce, karatu ne, yana cikin wata babbar kwamfuta a ɗakinta. Ta sitidiyo kuwa ta waya take janyo su. Ni nawa in duba jerin da ke kan allo, in danna wanda nake so, ya fita.

Da azumi ni ke riƙe da shirin gab da buɗa-baki. Gaishe-gaishe, 'yan dabarun girki, tallace-tallace, sannan in lokaci ya yi in danna kiran salla. Wanda ke cikin birni zai ce mene ne abin wahala a nan, ai ga masallatai ko ta ina. To akwai makiyayan da ke bayan Batagarawa da rediyo rataye a kafaɗa, akwai masu girbi da magariba ke riska a gona, akwai direbobi a kan hanya. Waɗannan ba su da ladan sai mu. Kai, ko mahaifiyata a Ƙofar Marusa, da masallaci ke jingine da katangarta, ba ta kai dabino baki sai ta ji daga rediyo, wai ɗiyarta ce ke aikin.

Sai kuma Malam, shugaban sashen shirye-shiryen addini. Ya girmi kowa a gidan, shi ya koya wa Manaja kansa yadda ake zama gaban makirfo. A zamanin kaset yana da kabad nasa shi kaɗai. Kaset ɗin karatu da na kiran salla a naɗe suke cikin farin ƙyalle, a can sama, ba abin da ake ɗorawa a kansu, makulli kuma yana aljihunsa tare da carbi. Ranar da aka kawo kwamfuta tambaya ɗaya ya yi.

"Yanzu karatun Alƙur'ani da kiɗan 'yan siyasa cikin ciki guda za su zamna?"

Injiniya ta ware masa folda tasa daban, wato kabad ɗinsa na cikin kwamfuta, ta nuna masa yadda ake ba mutum izinin buɗe ta da yadda ake hana shi. Ya kuma sa Manaja ya yi masa alkawari cewa ba za a kwafi komai daga cikinta a zuba a kwamfutar sitidiyo ba, inda waƙoƙi ke kwana. Malam ya koyi darasinsa fiye da yadda aka so. Duk sa'ad da ya gama aiki sai ya cire wa kowa izini, ya bar kansa kaɗai, ya kama hanyarsa da kwanciyar hankali. Bai san cewa kwamfutar sitidiyo ma tana cikin kowan da ya kora ba.

A farkon azumin wata shekara abin ya fara cizona. Lokaci ya yi, na danna kiran salla, sai wani ɗan akwati ya fito yana gaya mini ba ni da izini. Ni, da nake gidan tun kafin a yi mini aure. Na sake dannawa, ya sake faɗa. Na buɗe makirfo na ce, "Jama'a, lokaci ya yi, a sha ruwa." Wayar ofis ba ta huta ba har aka yi isha'i.

Washegari na faɗa ɗakin Injiniya ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce ta ƙwace wannan iko daga hannun tsohon nan kafin ya kashe ni.

Ta ce, "Yaya, kafin ki ƙifta ido na ƙwace. Amma gobe zai zo ya kulle ya ga abin ya ƙi. Zai gane cewa sa'ar jikarsa ce ta sa hannu a aljihunsa ta zare makulli."

"To ki kwafo mini kiran sallar nan ki ɓoye a sitidiyo. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. An yi masa alkawari a gabana."

Na dube ta na ga ba wasa take ba. Ta je ta durƙusa ta yi wa Malam bayani cikin ladabi, ya ce, "To, ɗiyata, na ji." Ya bar foldar a buɗe kwana biyu, sannan hannu ya koma ga abin da ya saba. Manaja kuwa da aka ce ya yi masa magana sai ya shiga gyaran hula yana duban silin.

Shi ne Injiniya ta ce tunda ba za a hana kullewa ba, bari ta koya wa manhajar sa ido, ta riƙa gaya mana da wuri in an taɓa izinin wani fayil. Ta yi kuwa. Lokaci-lokaci manhajar takan bi fayilolin ɗaya bayan ɗaya tana tambayar babbar kwamfuta ko sitidiyo na iya buɗe su. Ta gwada da safe, sa'ad da gidan ke shiru, abin ya tafi sumul. Ni ma har na sa mata albarka.

Ashe yamma daban take da safiya. Da la'asar kowa na tura shirinsa, wayar ta cushe, zagayen da ke ƙarewa nan take da safe sai ya koma tafiyar hawainiya. Kuma muddin manhajar na wannan zagaye, allon sandarewa yake yi. Ka danna nan shiru, ka danna can shiru.

Ranar da ya kama ni, waƙar wani ɗan takara ce ke tashi, talla ta ƙarshe kafin magariba. Na kai hannu in tsayar da ita, allo ya ƙi motsi. Na danna, na danna, na danna kiran salla, na koma na danna waƙar, duk a banza. Na ja sautin ƙasa da hannu, gidan rediyo ya yi tsit, ina jiyo ladanan unguwa ta bango suna kira. Can sai allon ya farfaɗo, na ga kiran salla ya fara, na yi hamdala na ɗaga sauti. Ashe duk danne-dannen da na yi a jere suke suna jira. Ladan bai rufe kabbara ta biyu ba sai ga kalangu ya faɗo a kansa, maroƙi na kirarin ɗan takara. Na kashe, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Kafin gari ya waye magana ta zaga. 'Yan ɗaya jam'iyyar suka ce saye na aka yi. Mahaifiyata ta miƙo mini kunu ba ta dube ni ba, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Manaja ya kira ni ofis. Ina tsaye yana jero mini abin da aka faɗa masa a waya sai ga Injiniya ta yi sallama, ba wanda ya aika a kira ta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba hannunta ba ne. Abin da na rubuta ne ya sandare. In hukunci ne, ni ya kamata."

Ya ce, "Mutanen gari ba su san ki ba. Muryarta suka sani." Ya juyo gare ni. "In aka sake samun ko da tari ne a lokacin kiran salla kafin Salla, kin bar makirfo. Sito na neman mai lura da tsofaffin kaset."

Sito. Ɗakin da ko taga babu, inda ake kai wanda aka gaji da shi amma ana kunyar korarsa. Ni da makirfo ne kaɗai wurin da na san ni wata ce.

Da muka fito na wanke Injiniya tas a baranda, kuma har yau ban ga laifina ba, wanda aka taka ai shi ke ƙara. Na ce boko ba hankali ba ne, na ce da kaset ɗina da biro na fi ta sanin aiki. Ta tsaya tana saurare kamar karatu nake ba ta. Da na gaji ta ce, "Gaskiyarki, Yaya. Zo ki zauna in nuna miki inda na yi kuskure, don ki san abin da zan gyara."

Abin da ya fara karya mini fushi ke nan. Na saba da ma'aikatan da in abu ya lalace sai su ce wuta ce, ko zafi ne, ko ke ce ba ki iya ba.

Ta ce manhajar tata hannu ɗaya gare ta. Hannun da ke amsa mini in na danna, shi ne dai ta aika zagayen duba fayiloli. "Kamar mace ce tana tuƙa tuwo, kuma ita ce mai leƙa zaure ko an yi sallama. Duk sa'ad da ta tafi leƙe, muciya ta tsaya." Gyaran shi ne ta yi mata hannu na biyu, wanda a sana'arsu zare suke ce masa, ya riƙa aikin sa ido can a gefe, na farkon kuma ya tsaya a kaina ni kaɗai. Zagayen ma za ta soke shi. Babbar kwamfutar na da hanyar da za a roƙe ta ta yi magana da kanta duk lokacin da aka sauya izinin wani abu. Na biyun zama kawai zai yi yana jira, ba ya cin komai, ba ya tare wa kowa hanya.

Na ce, "To in ya ji an kulle, ya buɗe mana kawai mu huta."

Ta yi 'yar dariya. "Mai gadi na ɗauka, Yaya, ba mai fasa ƙofa ba. Nasa ya faɗa."

A ranar ta cire mai sandarewar. Kafin sabon ya kammala, ita da kanta ta zama mai sa idon. Kullum da yamma sai ta bar abin da take yi ta duba foldar Malam da hannu, in a kulle take ta bi shi har inda yake ta roƙe shi ya buɗe. Ba ta tafiya gida sai kiran salla ya fita lafiya. A baranda take shan ruwa, da ruwan leda da 'yar ayarta, alhali gidansu na nan Ƙofar Guga ana jiranta da kunu da ƙosai.

Na zauna kusa da ita wasu ranaku ina kallon aikin, ko da yake rubutun da ke allonta bai fi mini tafiyar tururuwa ba. Amma tana yi tana gaya mini. Wai hannu na biyun ba shi da izinin taɓa allo ko kaɗan, in suka kai hannu tare rikicewa za a yi. Saƙo zai ajiye, na farkon ya ɗauka in ya sami sarari. Wai kuma in Malam ya kulle folda, ba labari ɗaya ke zuwa ba, kowane fayil da ke ciki sai ya aiko nasa, su taho tuli guda. Ta sa a riƙa tara su a mai da su magana ɗaya. Na ce ta yi mini babban akwati ja da zai fito tsakiyar allo yana ƙara. Ta ƙi. Ta ce akwatin da zai tsaya mini a gaba sai na amsa shi, ai shi ma sandarewa ce da wani suna. Ɗigo ta sa a kusurwar allo, bai fi ƙwayar wake ba. Kore, lafiya lau. Ja, an taɓa izini, ga sunan foldar a gefensa.

Akwai launi na uku, ruwan ɗorawa. Na tambaye ta shi kuma na mene ne.

"Na ranar da waya ta tsinke ko mai gadin ya mutu a zaune. Kada ki ga kore ki ɗauka lafiya, alhali ba wanda ke dubawa. Wannan yana nufin bai sani ba."

Na daɗe ina juya wannan a raina. Na yi aiki da manya da yawa, ban taɓa jin wanda ya tanadi hanyar cewa bai sani ba tun kafin a tambaye shi.

Gwajin ma ba da safe ta yi ba wannan karon. Ta zaɓi la'asar, lokacin da wayar ta fi cushewa, ta zaunar da ni a ƙaramin sitidiyo ta ce in yi ta dannawa kamar mai jin haushi. Na ce wannan ba sai an roƙe ni ba. Tana ɗakinta tana kulle wata folda tana buɗewa, ta zare waya ta mayar, ta kashe babbar kwamfutar ɗungurungum. Ɗigon na ta sauya launi, allon kuwa ko gezau. Duk da haka ban yarda da shi ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Muna cikin goman ƙarshe ranar ta zo. Ina kan iska ina karanta gaisuwar wasu matan Batagarawa, rana ta yi ja, sai na ga ɗigon ya koma ja shi ma, ga sunan foldar Malam. Na kai hannu a tsorace na danna wata doguwar nasiha da aka naɗa a wata folda daban, ta kuwa tashi nan take. Na cire abin kunne na fito da gudu, ɗankwali a hannu.

Injiniya ta riga ni, don ita ma ɗigon na allonta. Na same ta tsaye a bakin ɗan masallacin gidan, Malam na tsugune yana alwala. Jira take ya idar. Na raɗa mata, "Yi magana mana." Ta girgiza kai. Haka muka tsaya, yana wanke ƙafa a natse yana tsefe 'yan yatsu, ni kuwa ina jin kamar in ɗauke shi cak. Sai da ya ajiye buta ya yi addu'arsa sannan ta durƙusa.

"Baba Malam, an kulle kiran salla, lokaci kuma ya matso."

Ya ce subhanallahi, ya miƙe. Muka rufa masa baya zuwa ofishinsa. Hannu a jiƙe, tabarau ya bar shi a aljihun babbar riga a masallaci, ga mu biyu tsaye a kansa. Ya buga kalmar sirrinsa, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Na dubi agogon bango. Na ce a raina shi ke nan, sito ya ci ni.

Malam ya dubi agogon shi ma. Sai ya ture kujera ya nufi sitidiyo, da saurin da ban san yana da shi ba. Ya tsaya gaban makirfona ya ce, "Buɗe mini, ɗiyata."

Na danna nasihar ta tsaya, na ɗaga masa sauti. Ya ɗora hannu a kunne ya yi kiran salla da bakinsa, a kan lokaci daidai. Muryar tsufa ce, tana ɗan karkarwa a wurin ja, amma ban taɓa jin kiran da ya shige ni kamar wannan ba. Ina tsaye a jikin bango hawaye na zuba, ban ma damu in share ba.

Da ya gama na sa addu'ar buɗa-baki, wadda ba ta cikin foldarsa. Ya sunkuya yana duban allon, ya nuna ɗigon da yatsa.

"Wanga jan abu fa, mine ne?"

Injiniya ta ce, "Shi ke gaya mana in an kulle, Baba."

"Wa ke kullewa in ba ni ba?" Ya juyo ga Injiniya. "Wato ran da aka ji kalangu, garin tsaron abin da nike yi ne?"

Ta ce, "Wannan kuskurena ne."

"Ba shi na tambaye ki ba." Ya dube ta sosai. "Kina iya hana ni tun farko?"

"Ina iyawa."

"Mi ya hana ki?"

"Makullinka ne, Baba."

Ya yi ta shafa gemu. Ana haka Manaja ya turo ƙofa, ko hula babu. Ya ji murya ba wadda aka saba ba, ya san an sake samun matsala, kuma ni ya fara kallo. Ya buɗe baki ke nan ya hangi Malam.

Malam ya ce, "Na ji an ce akwai wanda za ka kai sito."

Manaja ya shiga in-ina, ya ce ai magana ce kawai ta gyaran aiki.

"To in ka tashi kaiwa, ni za ka kai, ni na kulle. Kujerar ga tata ce." Ya juya ga Injiniya. "Ke kuma gobe ki zo ki nuna mani yadda zan kulle wa kowa in bar wa ɗakin ga ƙofarsa. A hankali za ki nuna mani, ba irin na rannan ba."

Ya fita ya tafi salla, Manaja na biye da shi yana ba shi haƙuri, ban san na mene ne ba.

Addu'ar ta kusa ƙarewa, saura in yi wa masu saurare barka da shan ruwa, ni kuwa maƙogwarona ya bushe ƙamas, na manta ma ina azumi. Injiniya ta ciro ruwan ledarta, wanda ta tanadar wa kanta, ta huda da haƙori ta danƙa mini a hannu. Ta ja mini kujerar, ta juyo da makirfon saitin bakina.

"Sha, Yaya. Ana jiran ki."

Na sha, na zauna, na buɗe makirfo.